Takardar "sikilin negetif" ba ta isa a sa ranar aure a kanta ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da iyaye da waliyyai da limaman zangunan Kumasi, daga Aboabo da Asawase har Sawaba da Moshi Zango, a kan gwajin jinin da ake yi kafin aure. Mutanenmu sun fara karɓar maganar gwaji, mun gode Allah. Abin da ya dame mu shi ne gwaje-gwajen iri-iri ne, kuma wanda ya fi araha, wanda aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji, amsa ɗaya tak yake iya bayarwa: akwai himogulobin S, wato nau'in furotin ɗin jar ƙwayar jini mai kawo sikila, a jinin nan ko babu. In babu, sai a rubuta "sikilin negetif". Saurayi ya kawo wannan takarda, yarinya kuma an san AS ce, wato ta gaji A mai lafiya daga ɓangare ɗaya da S daga ɗayan, dangi su ce ai ɓangare ɗaya ne ke ɗauke da abin, a sa rana. Alhali saurayin yana iya zama AC, mai ɗauke da wani nau'in da ake kira C wanda gwajin ba ya gani, kuma AC da AS suna haifar SC, wanda sikila ne cikakke: yana kwantar da mutum, yana makantarwa, yana jefa mai ciki cikin haɗari. Ba za a gane yadda hakan ke faruwa ba sai an shiga cikin ƙwayar jinin kanta.

Jar ƙwayar jini faɗinta maikiron 7 zuwa 8 ne, sai an jera wajen 130 kafin su cika milimita ɗaya. Tun a ɓargo take zubar da cibiyarta, inda umarnin gado yake, don haka ba ta iya ƙera sabon furotin ko gyara wanda ya lalace. Da abin da ta fito da shi take rayuwa kwana 120. Cikinta kusan duka himogulobin ne, wajen guda miliyan 270 a ƙwaya ɗaya, a cushe, kimanin giram 33 a kowace mililita 100. Aikinsa ya ɗauki oksijin a huhu ya sauke a tsoka da ƙwaƙwalwa da ƙashi, kuma kafin ya kai can dole ƙwayar ta lanƙwashe ta ratsa jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta. A saifa ma ta tsagar da ba ta wuce maikiron 1 zuwa 2 ba take kutsawa.

Kowane himogulobin sarƙoƙi huɗu ne a dunƙule, alfa biyu da beta biyu. Sarƙar beta a ɗauke ta kamar carbi mai 'ya'ya 146, kowane ɗa amino asid ne, kuma iri 20 jiki ke aiki da su. Umarnin yadda za a jera su yana rubuce a kuromozom na 11, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, ana karanta shi haruffa uku-uku. A gurbi na shida rubutun yawancin mutane GAG ne, wato a sa gulutamik asid. Wannan shi ne A. Idan harafin tsakiya ya sauya ya zama GTG sai a sa balin, S ke nan. Idan na farko ne ya sauya ya zama AAG sai a sa laisin, C ke nan. Vernon Ingram ne ya gano a Kambirij, a 1956 da 1957, cewa amino asid ɗaya ne ya raba S da A.

Gulutamik asid yana ɗauke da cajin lantarki na ragi, yana kuma son ruwa. Laisin cajinsa na ƙari ne. Balin ba shi da caji ko kaɗan, kuma ruwa yake gudu, ga shi an ajiye shi a saman furotin inda ruwa ya kewaye shi. Idan himogulobin ya sauke oksijin siffarsa takan ɗan juya, sai wani ɗan rami mai maiƙo da ke tsakanin gurbi na 85 da na 88 na sarƙar beta ya daidaita da balin ɗin maƙwabcinsa. Ramin nan har a himogulobin A akwai shi, abin da zai shiga ne babu. A S kuwa, wannan ya shiga ramin wancan, wancan ya shiga na gaba, su yi layi, layuka 14 su murɗe su zama zare mai tauri, zaruruwa su tokare fatar ƙwayar daga ciki har ta koma siffar lauje. Da ta dawo huhu ta sami oksijin zaren yakan narke. Sai dai kowane zagaye yana yi wa fatar rauni, har a kai inda ba ta komawa daidai. Irin waɗannan ƙwayoyi kwana 10 zuwa 20 suke yi su mutu.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa iyaye ba, kuma a ganinmu shi ne zuciyar maganar. Zaren ba ya haɗuwa nan take. Sai 'yan himogulobin kaɗan sun fara dunƙulewa sun zama tushe kafin sauran su hau kai da sauri, saboda haka akwai jinkiri tsakanin sauke oksijin da sandarewa. Ƙwaya tana ratsa siririyar jijiya cikin kimanin daƙiƙa ɗaya. Idan jinkirin ya fi haka tsawo ta tsira, ta fita fili kafin ta sandare. Yawancin ƙwayoyin mai SS, wanda ya gaji S daga uwa da uba, haka suke tsira a kowane zagaye, abin da ya sa yake iya yin makonni yana harkokinsa lafiya. Idan jinkirin ya gajarta, a matsatsi take sandarewa ta toshe hanya, na bayanta su tsaya, su ƙara rasa oksijin, su ma su sandare, naman da ke gaba ya rasa jini. Ciwon ƙashin nan ke nan mai sa babban mutum kuka. William Eaton da James Hofrichter sun nuna a Amurka tun shekarun 1970 cewa tsawon jinkirin ya rataya ne a kan cunkoson S a cikin ƙwaya, kuma ratayar ta wuce misali: cunkoson ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari kacal, jinkirin na iya raguwa fiye da ninki goma.

Abin da ke ƙara cunkoso shi ne fitar ruwa daga ƙwayar. Idan fata ta yi rauni kalsiyam yana shiga, ya buɗe wata ƙofa da ake kira ƙofar Gardos, fotasiyam ya fita, kuloraid ya bi shi, ruwa ya bi su. Akwai ƙofa ta biyu mai fitar da fotasiyam da kuloraid tare, wadda tsamin jini ke zaburarwa. Ƙwaya ta bushe, S ya ƙara cushewa, jinkiri ya gajarta, fata ta ƙara rauni, a koma farko. Duk abin da iyaye suka lura da shi da idonsu yana cikin wannan lissafi. Gudawa da amai da zazzaɓi suna busar da jiki. Sanyin hunturu da dukan ruwan damina suna tsuke jijiyoyi, jini ya rage gudu, ƙwaya ta daɗe a matsatsi. Ƙwallo ba hutu ko dakon kaya mai nauyi yana ƙara tsami. Kamuwa da cuta kuma tana sa bangon jijiya ya fito da furotin masu danƙo irin su P-selektin, fararen ƙwayoyi da jajaye su liƙe a kai. Azumi ma ya shiga nan, balle in ya faɗo a zafin Fabrairu da Maris. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, ayar tana cikin Suratul Baƙara, kuma bai kamata a bar yaro mai SS ko SC ya yanke wa kansa hukunci shi kaɗai don kunyar abokai ba. A zauna da likitansa da malaminsa kafin wata ya kama.

Shi C ba ya yin zare, domin laisin ba ya shiga ramin nan. Ta'asarsa ta wata hanya ce. Cajinsa na ƙari yana sa shi manne wa fatar ƙwaya daga ciki, yana kuma sa ƙofa ta biyun nan aiki fiye da ƙima, ƙwayar ta yi ta zubar da fotasiyam da ruwa. Mai AS, kashi 35 zuwa 40 ne kawai na himogulobin ɗinsa S, sauran A ne, ruwan ƙwayarsa kuma daidai yake, don haka jinkirinsa dogo ne ƙwarai. Ba mai ciwon sikila ba ne, kuma zalunci ne a riƙa kiransa haka. Mai SC kuwa S ɗinsa ya kai rabi, ɗaya rabin kuma shi ne ke busar masa da ƙwaya.

SC yana da yaudara. Jinin mai shi ba ya faɗuwa sosai, yawanci giram 10 zuwa 12, alhali mai SS yana zaune a 6 zuwa 9. Idonsa ba ya cika yin rawaya, ya girma daidai da tsaransa, wani sai ya haura shekara 20 kafin a gane. Amma yawan jinin nan kauri yake sa shi. Ƙananan jijiyoyin gefen tantanin ido suna toshewa, sababbi marasa ƙwari su tsiro, su fashe, jini ya cika ido ko tantanin ya ɓamɓare. Wannan ya fi yawa a SC fiye da SS, kuma ba ya ciwo kafin ya yi ɓarna. Daga shekara 10 ake so a riƙa ɗiga maganin buɗe ido ana duba bayansa duk shekara ɗaya ko biyu, ko da mutum yana gani garau, domin in an kama shi da wuri ana ƙone jijiyoyin da hasken leza. Kan ƙashin cinya da ke shiga kwatangwalo ma jijiyoyin da ke ciyar da shi kaɗan ne, in suka toshe sai ƙashin ya mutu ya lotsa. Saurayi ya fara ɗingishi, a ce sanyin ƙashi ne ko jifa aka yi masa, a yi shekara ana shafa magani. Mace mai SC da ba ta taɓa kwanciya asibiti ba tana iya shiga mawuyacin hali a watannin ƙarshe na ciki da kwanakin farko na jego.

Mun matsa wa zango da wannan magana ne domin C ɗan yankinmu ne. Babu inda ya fi yawa a duniya kamar Burkina Faso da arewacin Gana da kewayensu. Farfesa Felix Konotey-Ahulu, wanda ya daɗe yana kula da masu sikila a asibitin Korle Bu da ke Akra, ya rubuta cewa a kudancin Gana kusan mutum 20 cikin ɗari AS ne, 10 kuma AC, a arewa kuwa lissafin juyawa yake yi. Kowa ya san yadda zango ya haɗu: Hausawa, Mosawa, Dagombawa, Zabarmawa, Wangarawa, Fulani, ga auratayya ta cakuɗa mu. Zazzaɓin cizon sauro ne ya sa S da C suka yawaita, domin masu ɗauke da su sun fi tsira daga gare shi. Ƙwayar cutar tana zama a cikin jar ƙwaya, ta jera nata furotin a saman fatar don ƙwayar ta liƙe a bangon jijiya kada ta isa saifa a kashe ta. A ƙwayar da ke da S ko C furotin ɗin ba ya jeruwa daidai, liƙewar ta yi rauni. Anthony Allison ya nuna kariyar AS a gabashin Afirka a 1954, binciken da aka buga a 2001 kan Mosawan Burkina Faso kuma ya sami ragin haɗarin zazzaɓin da kashi 29 cikin ɗari ga masu AC, 93 ga masu CC. Kada mai SS ko SC ya ji wannan ya naɗe gidan sauronsa. Shi zazzaɓi ɗaya na iya ƙarar masa da ɗan jinin da ya rage.

Yanzu ga yadda ake gwajin sikilin. A ɗiga jini a kan gilashi, a haɗa da ɗigon sodiyam metabaisalfait mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, wanda aikinsa ya cinye oksijin. A rufe da siririn gilashi, a toshe gefuna da basilin kada iska ta shiga, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya, a duba a madubin ƙara girma. In an ga lauje, fozitif. In ba a gani ba, ana so a sake dubawa bayan wasu awoyi kafin a rubuta negetif. AS da SS da SC duk fozitif suke fitowa, ba a rarrabe su da shi. AA da AC da CC duk negetif. Ko S ɗin ma yana kuɓuce masa idan maganin ya kwana, domin a ranar ake haɗa shi a ranar ake aiki da shi, ko gefen gilashin bai toshe ba, ko an ƙara wa mutum jini cikin wata ukun da suka wuce, ko jariri ne da bai kai wata shida ba.

Gwajin da ya kamata a nema shi ne ilektiroforesis, wanda mutane ke kira jinotayif. Ana fasa jajayen ƙwayoyi a fito da himogulobin, a ɗora shi a kan 'yar takardar selulos asetet da aka jiƙa da ruwan gwaji mai pH 8.4 zuwa 8.6, a sakar masa lantarki wajen minti 20 zuwa 30. A wannan ruwa himogulobin ɓangaren ƙari yake nufa, kuma saurinsa gwargwadon cajin ragin da yake ɗauke da shi ne. A ne kan gaba. S ya rasa cajin ragi ɗaya a kowace sarƙar beta, sai ya biyo baya. C ya rasa na ragi ya kuma ɗauki na ƙari, taku biyu ke nan, shi ne na ƙarshe. Dole a sa jinin shaida mai A, F na jarirai, S da C a gefe ya yi tafiyar tare da su, in ba haka ba mai karatu kintace yake yi.

Shi ma ba ya gani duka. Akwai himogulobin da ke tsayawa daidai wurin S amma ba sa yin lauje, irin su D da wani da aka gano a Akra aka sa masa suna Korle Bu. A nan gwajin sikilin ke da amfaninsa na gaskiya, ya tabbatar da cewa abin da aka gani a wurin S, S ne. Akwai kuma mai ɗauke da beta talasimiya, wanda kwafinsa ɗaya ba ya ƙera isasshiyar sarƙar beta. Takardarsa AA take nunawa, amma in ya auri AS suna iya haifar mai sikila. Alamarsa ƙananan jajayen ƙwayoyi, ma'aunin girmansu, MCV, ƙasa da 80 ba tare da ƙarancin ƙarfe ba, sai a tura jinin ga na'urar HPLC, in himogulobin A2 ya wuce kashi 3.5 an kama shi. Ga wuraren da ba na'ura, akwai 'yan sandunan gwaji irin su HemoTypeSC masu rarrabe A da S da C daga ɗigon jinin yatsa, kuma sun fi sikilin nesa ba kusa ba.

AS da AS, ko AS da AC, haɗarin ɗaya cikin huɗu ne a kowane ciki. Mutane suna jin wannan su ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai fito da ciwon, in ya fito an gama. Ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa sabo ne. Wasu su haifi uku a jere masu SC, wasu su haifi shida babu ko ɗaya. Damar a haifi huɗu duka su tsira kusan 32 cikin ɗari ce. Mai SS ko SC in ya auri AA na gaskiya, babu ɗansu da zai yi ciwon, kowane S ɗaya ko C ɗaya zai ɗauka. AC da AC na iya haifar CC, wanda yawanci ƙarancin jini ne mai sauƙi da girman saifa. Mai mata fiye da ɗaya kuma, kowane ɗaki lissafinsa daban, lafiyar 'ya'yan uwargida ba hujja ba ce a kan na amarya.

Ga jariran da aka riga aka haifa, lokaci ne abin kiyayewa. Jariri yana zuwa da himogulobin F, mai sarƙar gama a maimakon beta, kuma F ba ya shiga zaren S. Don haka mai SS lafiya lau yake ranar suna. Cikin wata shida na farko wani furotin mai suna BCL11A yana kashe aikin gama, beta ta karɓa, daga nan ake fara ganin kumburin bayan hannu da ƙafa. Saifa ce ke fara lalacewa, domin a cikinta jini ya fi tafiya a hankali, ita ce kuwa ke tace ƙwayoyin cuta irin su numokokas masu iya kashe yaro cikin awoyi. Wannan ne ya sa marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a nan Kumasi a 1995, da asibitin Komfo Anokye a matsayin cibiya: a huda dunduniya a ɗiga jini a kan kati. Kusan jarirai 2 cikin ɗari aka samu da sikila, kuma masu SC ba su yi nisa da masu SS a yawa ba. Wanda aka gano ana fara ba shi fenisilin ta baki tun yana wata biyu zuwa uku, sau biyu kullum, a ƙa'idar da aka fi bi miligiram 125 har shekara 3, sannan 250 har shekara 5, tare da cika alluran rigakafi. Binciken 1986 a Amurka ya nuna fenisilin ya rage mummunar cutar numokokas da kashi 84 cikin ɗari. Zafin jiki in ya kai 38, asibiti a take ko da tsakar dare ne, ba kantin magani ba. Uwa ta sa ma'aikaciyar jinya ta koya mata taɓa saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. In ta kumbura farat ɗaya, yaro ya yi fari fat ya yi laushi, jininsa ne ya taru a ciki, ƙarin jini ne ke ceto. Daga shekara 2 zuwa 16 mai SS yana bukatar a auna gudun jinin jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa da na'urar sauti ta gefen kai duk shekara. Santimita 200 a daƙiƙa ko fiye alama ce jijiyar ta tsuke, shanyewar ɓarin jiki na tafe in ba a ɗau mataki ba.

Maganin haidiroksiyuriya F ɗin nan yake dawowa da shi. Yana tare wani inzayim da ɓargo ke bukata wajen ƙera DNA, ɓargon kuma a wannan hali yakan fitar da ƙwayoyi manya, masu ruwa, masu F da yawa. F ya tsarma S, jinkiri ya yi tsawo. Yana kuma rage fararen ƙwayoyi masu liƙewa. Ana iya farawa daga wata 9, miligiram 20 a kowane kilo na nauyin yaro, 15 ga babba, sau ɗaya a rana, likita ya riƙa ƙarawa a hankali ba a wuce 35 ba. Ba maganin ciwon yau ba ne. Sai an yi wata uku zuwa shida ana sha kullum kafin a ga amfaninsa, kuma masu sha mako biyu su ce bai yi ba su ajiye suna da yawa. Dole a riƙa ƙirga jini duk wata lokacin da ake daidaita shi, domin in ya yi yawa danne ɓargo yake yi. Yaro in ya ƙara nauyi a sake lissafi. Mai ciki, da mace ko namijin da ke neman haihuwa, su yi magana da likita tukuna. Binciken da aka buga a 2019 kan yara fiye da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda ya nuna ragin ciwo da ƙarin jini da mutuwa, har zazzaɓin sauro ya ragu da kusan rabi. A Kano ma an nuna yana kare yaran da gudun jinin ƙwaƙwalwarsu ya hau. A nan Gana yana cikin magungunan da inshorar lafiya ta ƙasa ke biya. Mai SC ba kowa ake ba ba, sai wanda ciwo ke yawan kayarwa. Maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 BCL11A ɗin nan yake raunanawa don F ya dawo, amma kuɗinsa a lokacin ya haura dala miliyan 2, mu bar shi tukuna.

Kwalaben ƙarin jini masu ƙarfe da ake saya wa yaran nan a daina. Ƙarancin jininsu ba na rashin ƙarfe ba ne, ƙwayoyi ne ke fashewa da wuri, jiki kuma yana sake aiki da ƙarfen. Leda ɗaya ta jini tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, jiki ba ya fitar da fiye da 1 zuwa 2 a rana, rarar a hanta da zuciya take taruwa. Folik asid ake bayarwa. Ƙarfe sai gwaji ya nuna babu.

Ba mu zo mu ce wane ya auri wance ko ya fasa ba, wannan na ma'aurata ne da iyayensu. Roƙonmu ga waliyyai da limamai shi ne su duba takardar da aka miƙa musu. Ta nuna haruffa biyu, AA ko AS ko AC ko SS ko SC ko CC, ta faɗi hanyar da aka bi aka gwada, ta ɗauki kwanan wata da sunan da ya dace da katin shaidar mai ita. In kalma ɗaya ce kawai a kai, negetif ko fozitif, a mayar da ita a nemi jinotayif. A tambayi mai takardar ko an ƙara masa jini cikin wata uku, in an ƙara a jira a sake. Kuma a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ko ma tun yara suna sakandare, domin in an sa rana an raba goro, ba kowane gida ke iya sauraron abin da takarda ta ce ba.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan ɗakin gwajin jini da na jinya,
Aboabo, Kumasi.